Saura Mutum Ɗaya

A Sabon Tasha, motar ƙauyen su Shekari ranar Asabar kaɗai take lodi, kuma ba ta tashi sai ta cika. Wata tsohuwa tana zaune bakin taga, ɗankwalin zumuntar matan coci a kanta ya koɗe, takalmanta na roba sun sha jar laka. Shekari bai san ta ba, amma ya san lakar: daga inda gada ta karye, a ƙafa ake ƙarasawa.

Cinyarta cike take da ledojin mutane. 'Yan ƙauyen da suka tare a Kaduna sai zuwa suke da saƙo, wannan maganin hawan jini, wancan burodi. Kowa ya miƙa, sai ta ƙara ɗaure ledar, ta maimaita sunan wanda za ta kai wa. Wataƙila a ka za ta haye rafin da su.

"Saura mutum ɗaya," in ji direba.

Ta dubi Shekari, ta matsa masa wuri. "Shigo mana, ɗana."

Ya sunkuyar da kai, ya miƙa mata ledar mahaifiyarsa. "Mama, ki ce mata sai Kirsimeti."

Bara ma haka ya aika.