Malam Haliru Ɗangiwa, Mai Garin da Ya Ƙi Zaɓar Ɓangare

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, Malam Haliru Ɗangiwa, mai garin Tungar Almu ta ƙasar Kebbe, ya cika a asibiti a Tambuwal, kwana tara bayan dukan da aka yi masa a kasuwa.

Kawu, shekara ashirin da biyu ka yi kana tafinta a ofisoshin jakadanci a Banjul da Lome. Can ka ga yadda ƙaramar ƙasa ke rayuwa tsakanin manya. Ta karɓi asibiti daga wannan, horon soja daga wancan, ta hana kowa kafa sansani. Da ka dawo gida aka naɗa ka, sai ka tarar da mu cikin irin wannan hali: 'yan bindiga a daji ta gabas, 'yan sa-kan babban garin maƙwabta ta yamma.

Na daji suka ce a riƙa sayo musu mai, ka ƙi. 'Yan sa-kai suka nemi firamarenmu ta zama masaukinsu, ka ƙi. Amma rijiya ka bar ta a buɗe ga dabbar kowa, gawar kowane ɓangare kuma ka sa an yi mata sutura. Da na ce maka wannan tsoro ne, ka ce, "Gazali, gida saba'in muke. In munka bi wanga, wancan ya ƙone mu kafin wanga ya ɗaura takalmi." Shekara shida ba a ƙone mana rumbu ko ɗaya ba.

Sakayyar ita ce aka kira ka ɗan leƙen asiri. 'Yan sa-kai suka tuɓe maka rawani, suka dake ka da gora, kana da shekara saba'in da ɗaya. Mutanen garinmu na tsaye suna kallo, wani ma yana ɗauka da waya. Ni ma ina wurin, ban ɗaga hannu ba, kuma ina ƙyamar kaina.

Ranar sadakar uku, biyu daga cikin waɗanda suka dake ka suka zo, suka zauna kan tabarmarka, suka shafa fatiha, suka ci tuwon sadaka. Na daji kuma suka bugo waya wai suna gaisuwa. Tir.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yalwata kabarinka, Ya bi maka hakkinka. Iyalan Kawu, Inna Zahara'u, Mudassir, Fiddausi, Allah Ya ba ku haƙuri. Mu da muka tsaya kallo, ku yafe mana in za ku iya.