Sista Zinariya da Masu Cewa "Da Sauƙi"

Tun da sassafe Sista Zinariya take barin gidanta na Asata a Enugu, ta hau keke zuwa asibiti, sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Kafin likita ya iso ta riga ta zauna da takardar tambayoyin da ake auna toshewar hanci da ita: yaya cushewar take, yaya numfashi, yaya barci, yaya kuma in an yi aikin ƙarfi. Kowace amsa da makinta, kuma jimillar na cikin abin da likita ke dubawa kafin ya ce magani zai isa ko sai an yi aiki.

Da Turanci takardar take, ita ke mayar wa mutanenmu da ita Hausa. Sai dai Bahaushe ko numfashi na gagararsa, ka tambaye shi, zai ce maka da sauƙi.

Haka Malam Munzali, mahauci a Obiagu, ya yi mata. Bakinsa a buɗe yake shaƙar iska, amma kowace tambaya amsarta "Alhamdulillahi." Da ta rubuta haka, da an sallame shi da ƙwayar mura. Sai ta ajiye biro.

"Malam, godiya ga Allah daban, faɗa wa mai magani gaskiya daban. Yaushe rabonka da barci har asuba?"

"An daɗe, Sista."

"Ƙanshi fa?"

Ya kalli tafin hannunsa. Can ya ce, "Mai ɗakina Mero ta rasu, ta bar mayafanta a akwati, duk turaren wutarta na garinsu ya kama su. Yara sun ce har yanzu suna ƙanshi. Ni nakan buɗe, ba na jin komai."

Suka sake bin tambayoyin daga farko, makin ya fito da nauyinsa. Likita ya duba, aka yi masa aiki. Da ya dawo a sake aunawa, barci ya samu, numfashi ya daidaita. Ta tambaye shi labarin akwatin.

"Ƙanshin ya kusa gushewa," in ji shi. "Amma na tarar da saura a mayafin ƙasa."

Ita ma ta san irin wannan kewar. Tana amarya ta baro Funtuwa, ta binne miji a nan, ta aurar da 'ya'ya a nan, kuma duk ruwan da ake yi a Enugu bai taɓa ba ta ƙanshin ƙasar garinsu ranar ruwan farko ba. A wannan watan ta ajiye aiki, za ta koma gida.

Sista Zinariya, ke ce mai kunnen da ke jin ciwon da aka rufe da godiya. Ke ce kika zauna da 'yan kasuwa da mahauta har suka faɗi abin da suke ɓoye wa iyalansu. Mun gode, Allah ya kai ki lafiya, ya nuna miki daminar Funtuwa.

'Ya'yanmu da aka haifa a nan, masu Hausa da Inyamuranci da Turanci a baki ɗaya, kujerarta babu kowa. Wani ya karanci aikin jinya ya zo ya zauna, domin gobe ma wani dattijo zai shigo ya ce da sauƙi.