Malam Zainulabidin, Mai Buɗe Mana Aji a Anaca

Kafin motocin albasa su gama sauke kaya a Kasuwar Relief ta nan Anaca, Malam Zainulabidin ya riga ya buɗe rumfarsa. Zai share teburi, ya jera kayan aiki, ya goge tabarau da bakin riga, sannan ya bi maƙwabta da gaisuwa, Hausawa da Ibo. Gyaran waya da kwamfuta ne sana'arsa. Ni albasa nake sayarwa, rumfata na kallon tasa, don haka ganau ne ni.

Yawancinmu da muka zo Anaca mun baro wani abu a gida ba mu ƙarasa ba, sau da yawa kuma karatu ne. Da makarantu suka fara koyarwa ta intanet, tsohon buri ya motsa wa mutane. Sai dai mutum ya yi rajista, ya danna, shafi ya tsaya fari fat. Wajen Malam ake zuwa. Shi ya koya mana cewa burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, tana tsufa kamar takalmi, kuma aji ba ya buɗuwa sai an sabunta ta.

Rahinatu, matar ƙanena, ta baro kwalejin horon malamai saura shekara guda, ta biyo mijinta Kudu. Duk sanda ta ga 'yan makaranta sun wuce sai ta bi su da kallo. Da ta samu gurbin ƙarasawa ta intanet, a waya ta riƙa bin darasi, har jarrabawa ta matso. Ran nan ta sauko daga okada, wato acaɓa, ta nufi rumfar Malam idonta jajir.

"Baba, sun ce ba a rubutawa a waya. Sai kwamfuta mai kyamara da makirfo, da sabuwar burauza. Na haƙura kawai."

"Yaushe ne jarrabawar, 'yata?"

"Mako mai zuwa."

"To haƙurin bai zo ba tukuna."

Ya jawo matattun kwamfutocin da ke ƙarƙashin teburinsa. Ya ciri allo daga wannan, kyamara daga waccan, ya ƙara memori don kada ta riƙa sanƙarewa in an kunna bidiyo. Kwanaki yana fama, hawaye na zubo masa saboda ƙanƙantar wayoyin ciki. Ranar jarrabawa ya rufe rumfa, ya kai ta inda netiwok ya fi ƙarfi, ya zauna a bakin ƙofa da janareta don kada wuta ta yanke. Yau Rahinatu ce ke koyar da lissafi a makarantar unguwarmu. Bayan ita akwai mahauta da 'yan dako da dama da suka koma aji ta hannunsa.

Na taɓa tambayarsa, shi me ya hana shi komawa aji? Ashe a aji biyu na sakandare ya tsaya, shekarar da mahaifinsa ya rasu.

"Ina so, Kallamu," in ji shi. "Kullum cewa nake sai na sallami na gabana."

Na gabansa kuwa ba su taɓa ƙarewa ba. Yanzu idanu sun raunana, likita ya hana shi aikin ƙura ido, kuma bayan Sallah zai koma Haɗeja. Idan muka bi ta bakin kogin Kwara yakan tsaya ya ce ruwan na da girma, amma kifinsa bai kai na gida daɗi ba. Ya daɗe yana kewar gida, mu kuma tun bai tafi ba mun fara kewarsa.

Malam, kai ne ka kai mu makaranta ba ka zauna a benci ba. Bango madafar bayi, ba ka taɓa yi wa mai tambaya dariya ba, ko da bai san inda ake kunna kwamfuta ba. Mun gode. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya sada ka da dangi lafiya.

Ku kuma matasan da kuka iya wannan aiki a Fatakwal da Inugu da nan Anaca, akwai wata Rahinatu a layinku da ke shirin cewa ta haƙura. Ku tambaye ta yaushe ne jarrabawarta.