Kawu Lawal da Kwafin Kwafi

Duk wanda ya taɓa kai takarda shagon hotokwafin Kawu Lawal a Ƙofar Durbi ya san ba a yi masa gaggawa. Sai ya karɓa, ya fito bakin ƙofa, ya ɗaga ta ya haska da rana, ido ɗaya a runtse kamar mai duban wata. In ya gano kwafi ce ka kawo a sake kwafa, to ka shiga uku. Zai miƙo maka abarka ya ce, "Kwahin kwahi ba ya hita. Tahi ka ɗauko ta asali." Mutanen da ya kora su suka raya shagon maƙwabcinsa, har bawan Allahn nan yana aiko masa da cinyar rago duk babbar salla don godiya.

Ku da kuka san shi kun sha dariyar wannan hali, ni kuwa na sha wuyarsa. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ina son 'yarsa Binta kamar in mutu. Dangi kowa na murna za a yi na gida. Kawu kaɗai ya kafe: ba zai ba ni ita ba sai na je an gwada jinina, don Binta tana ɗauke da rabin sikila. Na ce ni lafiyata ƙalau, ko zazzaɓi ba ya kayar da ni. A gaskiya tsoron sakamakon nake, amma na mai da abin zuciya. Shi kuma ya ce auren zumunci ma ai kwafin kwafi ne.

Tun ranar da ya ji a rediyo cewa Turawa sun ɗauki ƙwayar halittar tunkiya sun fitar da wata irinta sak, ba tare da rago ba, ya ɗauki maganar a matsayin shisshigi cikin sana'arsa. Da aka ce tunkiyar ta yi fama da ciwon gaɓoɓi da na huhu ta mutu da sauran shekarunta, shayi ya saya wa duk 'yan layin. Wani ya gaya masa masana na gardama ko kwafin ne ya jawo ciwon. Kawu ya ce su yi ta gardamarsu, shi ya riga ya haska ta. Daga nan ya daina cin kajin gidan gona, wai duk kamarsu ɗaya, shi ya sa ciwo ɗaya ke kwashe su. Na taɓa raka shi kara sayen ragon layya, don neman shiga. Ya zagaye ragon, ya duba haƙora, sannan ya tambayi dillali ko ya san ubansa.

"Uban wa, Alhaji?"

"Uban ragon mana. In ba ya da uba, ba ni yanka shi."

Dillalin ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa.

Wata rana da la'asar, ba wuta, na kunna masa wani fim a wayata, na wani likita da ke kwafar sojoji a cikin kwalabe. Niyyata in sa shi nishaɗi in sako zancen Binta. Sojojin nan suka fara tsufa kafin sati ya zagayo, gashi na zuba, fata na saɓulewa. Kawu ya matso da fuska har hancinsa na taɓa gilashi. Ya ce tawada ce ta ƙare wa likitan, kuma injinsa na son wanki. Da aka nuna soja na ƙarshe yana jan ƙafa, sai ya juyo ya nuna ni da yatsa: "Ka ga ɗiyanka nan in ba ka yi gwaji ba."

Raina ya ɓaci sosai. Na ce masa cikin gatse, to in an kawo irin injin nan Katsina wa zai kwafa, tunda ba wanda ya ishe shi kallo sai kansa? Na zaci zai kore ni. Sai ya hau goge gilashin injinsa da hannun riga, alhali ba ƙura a kai.

"Aminu kaɗai nika son in sake gani," in ji shi. "To amma da ciwonshi za ya dawo. Ni na riƙe shi yana kukan ciwon ƙashi har ya cika. Wa za ya so a sake mashi wannan?"

Aminu ɗansa ne na fari, abokin wasana, sikila ta ɗauke shi muna firamare. Kawu ma 'yar baffansa ya aura. Ban taɓa haɗa rasuwar Aminu da kafewar Kawu kan gwajin ba sai ranar. Washegari na je asibiti da ƙafata. Allah ya taimake ni, jinina ya fito ba ko ɗigon sikila. Kawu bai yarda ba sai da aka sake gwajin a wani wuri, sannan ya ba ni Binta.

Haihuwar Binta ta fari tagwaye ne maza, kamarsu ɗaya har tawadar Allah ta bayan kunne. Ranar suna mata suka yi ta tsokanarsa, wai ga kwafi an kawo masa har gida. Kawu ya ɗauki Hassan ya fita bakin ƙofa ya ɗaga shi ga rana, ya runtse ido ɗaya, ya dawo ya yi wa Husaini haka. Ya daɗe a tsaye, hawaye na bin gemunsa, sannan ya ce, "Waɗanga duka na asali ne."

Allah ya jiƙan Kawu Lawal, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sada shi da Aminunsa a inda ba ciwo.