Robar Iyafis ɗin da Na Wanke da Fetur

Assalamu alaikum mutanen wannan shafi. Na san na yi muku ɓatan dabo. Masu tambaya ko na bar Ƙaura Namoda ne, ina nan, jinya na sha. Sai yau na samu sukunin ba ku labari.

Ga wanda bai san ni ba, ni bakaniken mashin ne. A sana'armu kunne ke fara aiki kafin hannu. Mutum zai tayar da mashin, kafin ya gama bayani ka riga ka ji inda ciwon yake.

Idan aiki ya lafa nakan sa iyafis a kunnen dama ina sauraren karatu. Da robar bakinsa ta ɓace, sai na ciro wata daga wani tsohon iyafis na maƙala. Ta yi masa yawa, tana ɗan motsi, ban damu ba. In ta yi baƙi da maiƙo kuwa, sai in jefa ta gwangwanin fetur ɗin da muke wanke kayan inji. Mu a gareji fetur ne sabulun komai. Ashe kumbura roba yake yi, ta yi laushi ta saki.

Wata rana na zare iyafis na ga babu roba. Na duba gareji, na sa matata Balki ta share ɗaki, ba mu gan ta ba. Na samo wata na maƙala na ci gaba da harkata. Kullum na sa iyafis, waccan da ta maƙale a kunnena nake ƙara turawa ciki ban sani ba.

Da farko ji na yi kamar ruwan wanka ya shige mini kunne. Sai ƙaiƙayi, na riƙa sosawa da tsinken ashana. Daga nan ciwo, sai mugunya a kan matashi.

Balki ta ce, "Maigida, wanga kunne naka wari shikai. Ka tai asibiti."

Na ce wa zai rufe gareji saboda kunne? Na sayo maganin ɗigawa a kemis, Inna mahaifiyata ma ta ɗiga mini man shanu mai ɗumi. Abu sai gaba yake yi.

Ana cikin haka Lawali ya zo, ɗan kabu-kabun da ke jigila tsakanin Ƙaura da Zurmi. Ya ce, "Oga, saurara, akwai abin da ka ƙara cikin injin ga."

Na duƙa na kasa kunne, ban ji komai ba sai guu. Kunya ta hana ni faɗa. Na canza masa filogi na sallame shi.

Mashin ya mutu masa a tsakiyar daji, da mace da goyo a baya. Kun san hanyar nan ba wurin tsayawa ba ce, saboda 'yan bindiga. Allah Ya tsare, ya tura shi har wani ƙauye. Da ya dawo bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Oga, mi ya same ka?"

Ranar na ji tsoro na gaske. Idan kunnena ya tafi, sana'ata ta tafi, kuma na kusa jawo wa mutane bala'i.

Kafin in shirya, zazzaɓi da jiri sun kayar da ni, gefen fuskata ya kumbura. A asibitin garinmu suka tura ni Gusau wajen wata likitar kunne. Yanke kati, layi, gwajin jini, sannan aka ba ni gado. Kuɗin mota da na allurai sai da Balki ta sayar da tunkiyarta.

Likitar ta haska kunnen ta ce kumburi ya rufe hanya, ba ta ganin komai. Na ce, "Likita, zan ƙara ji da shi?" Ta ce, "Ba zan yi maka alkawari ba sai na ga dodon kunnen."

Kwanakin jiran nan sun fi allurar ciwo.

Da kumburin ya saɓe, ta sake haskawa, ta ɗauko wani siririn hantsaki. Na ji ana jan wani abu, sai fat! Nan take ƙarar fankar ɗakin ta faɗo mini a kunne. Ta ɗaga wani baƙin abu ta ce, "Malam, wannan naka ne?"

Balki ta leƙa ta ce, "La ilaha illallahu! Ita ce kas sa ni share ɗaki ina biɗa!"

Likita na dariya, ni ina hawaye. Dodon kunne bai fashe ba. Bayan na gama magani aka gwada jina, duk ƙarar da aka saki na ɗaga hannu.

Ranar da na sake buɗe gareji na aika aka kira Lawali, don gyaran da aka yi masa a wani wuri bai kashe ƙarar ba. Na juya wa mashin baya na ce, "Tada shi." Ya tada. Na ce, "Bawul ne." Muka buɗe injin, bawul ne. Lawali ya daka tsalle yana cewa, "Oga ya dawo!" Wallahi ko ranar da na samu 'yancin buɗe garejina ban yi farin ciki haka ba.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitar nan da ma'aikatanta, da Inna, da Balki wadda ta riga kowa faɗa mini gaskiya.

'Yan uwa, ku zaɓi robar da ta kama bakin iyafis gam, ku ja ta da yatsa ku gani kafin ku sa. Ku gwada ƙarama da babba, ku ɗauki wadda ta zauna a kunne ba sai an danna ba. A wanke da ruwa da sabulu a bari ta bushe, ban da fetur. Wadda ta saki ko ta tsage a yar. In kun zare iyafis babu roba kuma ji ya ragu, kar ku sa tsinke, ku nufi asibiti.

Ni dai fistin ko bawul in ya lalace na san shagon da zan sayo sabo. Na zaga Gusau, ban ga mai sayar da kunne ba.