Ranar da Imoru Ya Kusa Gasa Uwarsa

Kakanku Imoru ai tanderun burodi yake ginawa. Duk burodin da aka ci a unguwarmu Nyohini lokacin nan, a ginin hannunsa ya nuna. Mutum ne da ba ya ganin abu ya bar shi yadda Allah ya yi shi.

Shekarar da Turawa suka sauke tutarsu, aka fara cewa Gana, uwarsa Mma Zuwera tana wurinmu. Damina ta sauka, sanyin siminti ya shiga mata gwiwa. Ta ce ita ƙauye za ta koma, gara ta mutu a ɗakin ƙasa. Ƙauyen kuwa ba ta da kowa, sai kango. Imoru ya yi ta roƙo har da hawaye, ta ce to, ta ba shi Juma'a biyu.

Sai ya tafi Dungu, can bayan gari. Lokacin Dungu daji ce, ba famfo ba lantarki, sai Fulani da shanunsu. Ya haƙa lambatu uku ya rufe da falalen dutse, bakinsu a waje. A kai ya kafa sanduna zagaye, ya tanƙwaro kawunansu ya ɗaure, ya kewaye da zana, ya rufa da fatun shanu da ya samo wurin Mamadu Bafulatani.

Mamadu ya leƙa ramin ya ce, "Wannan tanderun burodi nawa zai ci?"

"Ba burodi ba ne, Mma zan sa."

"A Tamalen nan za ka hura wa ƙasa wuta? Ranar Allah ba ta ishe ka ba?"

To daɓe aikin mata ne, namiji ba ya sa baki. Ni da ƙawata Azeta muka tara mata, muka zuba tsakuwa da kashin shanu da makuba, muna bugu muna waƙa. Da yake ɗakin suruka ne, ban so a ce na yi rowa. Na juye ƙwaryar man kaɗe guda, muka goge har kana ganin haƙoranka a ƙasa. Lambatun nan mu mun ɗauka na ruwan sama ne. Shi bai ce mana wuta zai sa ba, mu ba mu ce masa mai muka sa ba.

Ranar tarewa, bayan la'asar, ana yayyafi. Aka kawo Mma a bayan keke aka zaunar da ita kan tabarma. Imoru yana waje yana cusa itace irin na gashin burodi.

Can sai ƙasa ta fara gumi. Wari kuwa, kun san kashin shanu in ya ji wuta? Azeta ta toshe hanci da mayafi ta fita.

Imoru ya zo da babbar rigarsa, ya yi sallama, ya sa ƙafar dama. Suuu! Bai tsaya ba sai da ya fasa zana ya fita ta baya. Mamadu ya shiga zai kamo shi, shi ma ya bi ta ƙofar da Imoru ya buɗe. Liman da aka kira ya sa albarka ya dubi ƙasa ya ce addu'a daga waje ma tana karɓuwa.

Ni dai na ce shi ke nan, gobe tsohuwa sai lorin ƙauye. Na rarrafa na shiga in ba ta haƙuri. Wallahi na iske ta janye tabarma, ta miƙe ƙafa a tsirarar ƙasa, tana dangwalo mai mai ɗumi tana murza gwiwa.

Ta ce, "Sanatu, ina mijin naki?"

Imoru ya leƙo ta hujin, duk ciyawa a gemu. "Mma, ki yafe mini."

"Zare itace biyu. Gefena ɗaya ya fara nuna."

Shekara bakwai ta yi a ɗakin nan, maganar ƙauye ba ta sake fitowa ba. Sandarta take bugawa a ƙasa: sau ɗaya a ƙara wuta, sau biyu a rage. Tsofaffin matan Dungu suka ji labari, kullum da hantsi sai ka ga su biyar su shida sun jera ƙafafu suna ƙyalli. Kakanku ko zama bai taɓa samu a ciki ba. In ya leƙa sai su ce, "Malam, nan na mata ne, koma bakin wutarka."