Makulli Yana Aljihuna Mota Ta Taka Aminina

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karanta wannan shafi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa, domin waɗanda abin ya shafa suna raye kuma sun san kansu. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke tsakanin Ƙarfi da Malumfashi. Kafin in zauna a gona gaba ɗaya, na yi shekaru ina tuƙa akori-kura, ina ɗaukar auduga da masara zuwa Funtua. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ni mutum ne mai son komai ya bi layinsa. Idan zan tsayar da mota, tsarina ɗaya ne ko a fili ko a gangara. Da farko in ja birkin hannu, sannan in saka giya ta ɗaya, sannan in kashe inji, sannan in fito in sa wa taya waigi, wato dutse ko guntun icen da ke tare ta. Abokan aikina a tasha suna ce mini mai doka, ba don yabo ba. Ban damu ba, domin duk tsawon tuƙina ko ɗan akuya ban taɓa takawa ba.

Ina da amini wanda muka tashi tare, gonarsa tana jikin tawa. Shi yana da sa ɗaya, ni ma ina da ɗaya, sai muka haɗa su a karkiya guda muka sayi garma tare. Idan ruwa ya sauka, yau a yi huɗa a tasa, gobe a tawa, ba mu taɓa yin musu a kan wa zai fara ba. Shi ne mai riƙe garma domin ya fi ni ƙarfin ƙafa, kuma kunyarsa tana fita a miƙe kamar an ja igiya. Duk ƙauyen an san mu a haka, har idan aka ga ɗaya ana tambayarsa ina ya bar ɗayan.

Mutum na uku shi ne ƙanin matata, dillalin motocin Kwatano a Funtua. Tun yana ƙarami yake yi mini wasan da ƙanin mata ke yi wa mijin yayarsa, ni kuma ina ƙyale shi. Wata kaka da waken suya ya yi mini kyau, na yanke shawarar sayen motar hawa, sai matata ta ce ina dalilin zuwa wajen bare ga ɗan gida. Ya nuna mini wata mai canza giya da kanta, ya ce ya sassauta mini farashi saboda yayarsa. Na ce masa ni ban taɓa riƙe irin wannan ba. Ya yi dariya ya ce ai ko amarya za ta iya, ya koya mini haruffan da ke jikin giyar, ya ce wannan na gaba ne, wannan na baya, wannan firi, wannan kuma na fakin wanda ke kulle ƙafafun mota. Da na gwada birkin tsayawa na ji bai kama sosai ba, na faɗa masa. Ya ce wannan ado ne kawai a irin wannan mota, babu mai amfani da shi. Sannan ya faɗi maganar da ta zauna mini a kai. Ya ce Baturen da ya ƙera ta ya riga ya yi mini tunani, makulli ba zai taɓa fita ba sai giya tana kan fakin, saboda haka duk lokacin da na ga makulli a hannuna to mota ta kullu, in juya in tafi abina.

Duk da haka ban bar waigina ba a farko. Ina da wani guntun icen marke da na sassaƙa tun zamanin akori-kura, shi na jefa a but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan motar. Ranar wani suna a gidan surukaina na tsaya a ƙofar gida, na fito na durƙusa zan sa shi, sai ƙanin matar nan tawa ya ɗaga murya a gaban jama'a. Ya ce jama'a ku zo ku ga Malam ya mayar da motar alhazai amalanke, ya ce in rufa masa asiri kada mutane su ce ruɓaɓɓiya ya sayar mini, ya ce saura in ɗaure ta da igiya a turke in zuba mata harawa. Aka yi ta dariya har mata a cikin gida suka ji. Matata ma da muka koma ta ce don Allah in daina ba ta kunya. Na ji nauyi, na ciro icen na ajiye a zaure. Daga ranar tsarina ya koma abu biyu, in kashe inji, in zare makulli.

Abin ya faru ne da kaka. Na ɗauki aminina muka je Dayi ganin wani mai sayen masara, muka ɗauko buhunan taki da aminina ya samu da rahusa muka cika but. A hanyar dawowa la'asar ta kama mu a wani wuri da hanya ke hawa tana fuskantar gabas. Ya ce mu tsaya mu yi salla kada lokaci ya wuce. Na sauka daga kwalta na tsaya a gefe, ƙafata a kan birki, na mayar da giya firi muna ƙarasa maganar farashi. Da maganar ta ƙare na murɗa makulli, ya fita sumul, na jefa shi aljihu. Motar ba ta motsa ba domin tayar baya ta ɗan nutse a rairayi. Shi yana da alwala, ni ba ni da ita, sai ya ce in je in yi, shi zai yi nafila kafin in dawo. Ya shimfiɗa darduma a bayan motar ya mayar da ita sutura, yadda kowane matafiyi ke yi don kada a gitta masa. Na ɗauki buta na ɗan nisa. Ina wanke ƙafar dama na ji wani ɗan ƙara kamar an taka busasshen kara, na waiwaya na ga motar tana tahowa da baya a hankali, babu kowa a ciki, shi kuwa goshinsa yana ƙasa. Na yi ihu, amma kafin ya ɗago ta riga ta ture shi, tayar ta hau cinyarsa ta tsaya a kan ƙugunsa. Masu babura da wasu da ke yankan dawa a kusa ne suka taimaka muka ɗaga ta. Duk wannan lokaci makulli yana aljihuna.

Muka kai shi asibiti a Malumfashi, aka tura mu babban asibiti. Ya yi watanni a kwance, daga baya aka dawo da shi gida mai ɗori ya ci gaba. Ya rayu, amma ƙafar ta gajarce, ba ya tashi sai da sanda. Shi da bakinsa bai taɓa ce mini komai ba sai cewa haka Allah ya rubuta. Gari kuwa bai yi shiru ba. Na rantse wa kowa cewa na zare makulli, kuma an ce mini makulli ba ya fita sai mota ta kullu. Mutane suka tafi suka tambayi wanda ya sayar da ita, shi kuma ya ce musu mota lafiyarta lau, tsoho ne ya ruɗe da kayan zamani, wataƙila ma a kunne ya bar ta ya zare makullin daga baya don ya wanke kansa. Wannan magana ta zaga ƙauye. A majalisa aka fara cewa mai doka ya karya dokarsa da kansa. Babban ɗan aminina, magidanci mai iyali, ya zo ƙofar gidana ko sallama bai yi ba. Ya ce mini Baba, da kuskure ne kawai da sun haƙura, amma ƙarya a kan gurgunta mahaifinsu ba za su ɗauka ba. Ya kwance sansu daga turken da muke ɗaure su tare, ya ce garma ma in saye rabonsu ko a sayar. Na tsaya ina kallo har ya sha kwana da san.

Daga nan na zauna na bi abin daki-daki. Na sa aka tura motar fili a bayan gida, na tare ƙafafunta da duwatsu, na shiga. Na sa giya a firi na murɗa makulli, ya fita. Na sa a na gaba, ya fita. Na sa a na baya, ya fita. Na kira maƙwabta na nuna musu, wani ya ce ai bayan haɗari kowa yana iya kai wa bakanike ya sassauta. Sai na shirya na tafi Funtua ba tare da na sanar da kowa ba, ina so in yi magana da ƙanin matata ido da ido. Ban same shi ba, ya fita. Na tsaya ina jira a filin da yake jera motocinsa, wanda yake ɗan gangare zuwa titi. A nan na lura da wani abu. Motoci da yawa suna tsaye babu komai a ƙarƙashinsu, amma akwai guda biyu irin tawa sak, kuma kowace an tura mata bulo a bayan taya. Su kaɗai. Mutumin da ya tara mini jama'a a kan guntun ice, ga shi yana sa wa nasa waigi. Ban jira shi ba, na juya na koma gida.

Washegari na je wajen ɗan aminina na ce ba roƙonsa na zo yi ba, ya biyo ni ya gani da idonsa, idan ƙarya ce ya tofa mini yawu a kasuwa. Ya biyo ni a babur har Funtua. Muka tarar da dillalin yana shan shayi. Ya fara wasan nasa, yana cewa Malam an zo sayen jaki ne tunda mota ta gagara. Na ce masa yau ba wasa ya kawo ni ba, ya ba wannan bawan Allah makullin ɗaya daga cikin masu bulon nan. Ya yi ta kewaye-kewaye, amma mutane sun fara taruwa, dole ya miƙa. Ɗan aminina ya shiga, ya sa giya a firi, ya murɗa, makulli ya fita a hannunsa. Ya fito ya tambaye shi bulon nan na mene ne. Sai dillalin ya fusata ya faɗi komai da bakinsa. Ya ce to sai me, duk wanda ke wannan sana'a ya san irin wannan tana da wannan lalurar, kamfanin da ya ƙera ta ma ya yi shela a can ƙasar Turawa cewa masu ita su mayar a gyara musu kyauta, wasu sun mayar, wasu sun sayar an loda a jirgi, shi ya sa take da sauƙi a Kwatano. Ya ce wannan kira na Turawa ne, ko akwai kamfanin a Funtua da zai kai masa? Ya ce shi mota yake sayarwa, ba shi ya ce wani ya yi salla a bayanta ba. Da ba a riƙe ɗan aminina ba a wannan rana, da labarin da nake rubutawa daban ne.

Bayan kwana biyu dillalin ya aiko ta bakin yayarsa, wai in dawo da motar ya musanya mini da wata, a rufe maganar saboda zumunci. Na tambayi matata me zai yi da tawa idan na mayar. Ita ma ta san amsar, zai wanke ta ya jera ta a fili ya jira wani manomi irina. Na ce ta faɗa masa ba zan mayar ba, ba zan sayar wa kowa ba, kuma kada ƙafarsa ta sake taka zaurena. Manya sun sa baki, sun ce ɗan'uwa ne, in yafe. Na ce musu ya fara zuwa ya durƙusa gaban mutumin da ya gurgunta ya faɗi abin da ya faɗa a Funtua. Har yau bai je ba, ni ma har yau ko a jana'iza muka haɗu ba na ba shi hannu. Wanda zai ce na cika riƙo ya ce.

Ɗan aminina ya dawo da san da kansa ya ɗaure a turke, ya gaishe ni yadda ya saba tun yana yaro. Sunana ya wanku, amma ƙafar ba ta dawo ba. Yanzu ni nake riƙe garma a gonakin biyu, da tasa nake farawa, shi kuma ana kawo shi bakin gona ya zauna a inuwa yana faɗa mini cewa kunyata ta karkace. Gaskiya yake faɗa, ta karkace.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe, bi da bi. Na farko, idan za ka sayi motar Kwatano mai canza giya da kanta, ka zauna a ciki ka gwada zare makulli a kan kowane harafi. Idan ya fita a ko'ina ban da fakin, ka ajiye musu kayansu. Na biyu, ka sa wanda ya iya waya ya bincika maka ko kamfani ya taɓa kiran irinta gyara, domin mai sayarwa ba zai faɗa maka ba ko da cikinsu ɗaya da matarka. Na uku, ka gyara birkin tsayawa ka riƙa ja, ba ado ba ne. Na huɗu, kada ka yi salla ko ka zauna a bayan motar da ke kan gangara sai ka ga waigi da idonka. Na ƙarshe, kada dariyar mutane ta raba ka da tsarin da ya daɗe yana tsare ka. Tawa motar tana bayan gida, na cire mata batir, na tare ƙafafunta huɗu da duwatsu. Icen marken nan kuwa na ɗauko shi daga zaure, yana ɗaure a bayan babur ɗina, kuma duk motar da za ta ɗauki aminina zuwa asibiti ni nake durƙusawa in sa mata shi kafin ya fito.